Godiya Bayan Mashaƙo: Jiya Likita Ya Sallame Ni

Alhamdulillahi Rabbil alamin. Jiya likitan ƙwaƙwalwa da ke duba ni kan ciwon damuwar da aikin yaƙi da mashaƙo ya jawo mini ya rufe fayil ɗina, ya ce ba sai na koma ba sai idan na ga wani canji a barcina ko a cin abincina, domin makonni 6 ke nan da na daina shan ƙwayar da ya yi ta rage mini sannu a hankali, kuma babu abin da ya dawo. Da na fito daga ofishinsa sai na zauna a kan bencin baranda na daɗe ina kallon masu shiga da fita, ina lissafa mutanen da nake ɗauke da bashin godiyarsu, har Maigida ya gaji da jira a mota ya zo nemana.

Mafi yawanku kun san abin da ya faru, saboda haka ba zan maimaita ba. Kun san aikina na sa ido kan cututtuka a ƙaramar hukumarmu, kun san yadda mashaƙo, cutar nan mai toshe maƙogwaro, ya ɓulla a Kano a ƙarshen 2022 har hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta sanar da shi a Janairun 2023, da yadda ya yi ƙamari da daminar shekarar, lokacin da Kano ta fi kowace jiha a ƙasar nan yawan masu cutar. Kun kuma ga lokacin da na daina amsa waya, na ɓace daga biki da suna, aka shiga tambayar Maigida ko lafiya, shi kuma yana cewa gajiya ce kawai.

Akwai abu ɗaya da nake so waɗanda ba sa cikin aikin nan su gane kafin in shiga godiya. Mu ba ma kwana a ɗakin marasa lafiya, shi ya sa ake ganin kamar namu da sauƙi. Aikinmu shi ne bin gida gida, mu ɗauki samfur daga maƙogwaro, mu rubuta duk wanda ya yi cuɗanya da mara lafiya, mu tabbata an ba su magani, mu tambayi uwa katin rigakafi, sannan da yamma mu tura alƙaluma sama. A takardar da muke cikewa akwai suna, da shekaru, da unguwa, da ranar da ciwo ya fara, sai kuma gurbi na ƙarshe inda ake rubuta ko ya warke ko ya rasu. Wanda ya karɓi alƙaluman a Abuja lamba yake gani, amma ni da na cike gurbin na san launin rigar yaron, na san zauren gidansu, na san muryar kakarsa.

Godiyata ta farko tana ga wata baiwar Allah da ba ta ma san tana bina bashi ba. Ɗanta mai shekara 7 ne ya kamu, wuyansa ya kumbura, farar fatar nan mai ruwan toka ta rufe masa maƙogwaro, muka samu aka kai shi cibiyar jinya, ya kuma yi sa'a ya samu allurar kashe dafin cutar a lokacin da take ƙaranci ƙwarai, don kamfanonin da ke yin ta a duniya kaɗan ne. Kumburin ya saɓe, ya fara cin abinci, aka sallamo shi, ni kuma na rubuta da hannuna cewa ya warke, har na yi ta ba da labarinsa a gida don in ƙarfafa wa kaina gwiwa. Bayan kwana 9 mai unguwa ya kira ni da asuba ya ce yaron ya faɗi a tsakar gida, kafin a samu abin hawa rai ya yi halinsa. An koya mana cewa dafin mashaƙo yana iya kama zuciya bayan mako ɗaya ko biyu, ko da maƙogwaro ya buɗe, na san wannan sarai a takarda, amma ranar ce na san shi a jikina.

Dole in koma gidan saboda ƙannensa. Na tarar da maza a ƙofar gida kan tabarmi, na shiga cikin mata na yi ta'aziyya, na ciro takardar don in soke abin da na rubuta in sa wani, sai biro ya ƙi tsayawa a hannuna. Ina ji ina gani yatsuna suna karkarwa, takardar ta faɗi a kan tabarma, na kasa ɗauka. Uwar yaron, wadda ko sadakar uku ba a yi ba, ita ce ta tashi ta je randa ta ɗebo ruwa a kofin silba, ta durƙusa a gabana ta riƙe mini kofin da hannunta, ta ce, "Malama, sha ruwa. Kwanansa ne ya ƙare, ke kin yi naki. Duba mini ƙannensa." Sunanta yana cikin takarduna, amanar aiki ta hana ni faɗa, amma babu sallar da na yi tun ranar ban sa ta a addu'a ba. Allah Ya sa yaron nan ya cece ta ranar gobe, Ya raya mata sauran, Ya sanyaya zuciyarta kamar yadda ta sanyaya tawa.

Daga wannan rana ne barci ya ƙaurace mini. Ƙarfe biyu ko uku na dare sai in farka ina jin ƙarar numfashin nan mai kama da jan zarto, wadda duk wanda ya taɓa tsayawa kan yaro mai mashaƙo ba ya mantawa, alhali fanka ce kawai take juyawa. Sai in ɗauki waya in kunna fitila in shiga ɗakin yara, in tashe su ɗaya bayan ɗaya in ce su buɗe baki. Dukkansu huɗu sun yi allurar rigakafin mashaƙo cikakkiya, ta mako 6 da ta mako 10 da ta mako 14, katunansu suna cikin durowa, ni da kaina na kai su, amma sanin haka bai taɓa hana ni tashi ba. Autana har ya koyi buɗe baki cikin barci ba tare da ya farka ba.

A nan ne zan karya al'ada. An san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kuma yabonsa a bainar jama'a, kuma sunan dai ba zan kira ba, kunya ba za ta bar ni ba, amma abin da ta yi sai na faɗa. Wani dare bayan sallar isha'i na shigo ɗaki na tarar ta jera ƙannenta uku a bakin gado, ita ta huɗu a ƙarshe, ta miƙo mini wayata da fitilar a kunne, ta ce, "Umma, ki duba mu tun yanzu, sai ki samu ki yi barci." Yarinyar da ko sakandare ba ta gama ba ce ta gane abin da manya suka yi watanni suna kira gajiya. Na duba su kamar yadda ta ce, sannan na shiga banɗaki na sakar wa famfo ruwa don kada su ji kukana, kuma a daren ne na gaya wa babansu cewa ba ni da lafiya. Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki 'ya'yan da za su ji tausayinki kamar yadda kika ji nawa.

Maigida kuwa ban san da wane baki zan gode masa ba. A garin nan kowa ya san abin da ake nufi idan aka ce a kai wane Dawanau, inda asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa yake, magana ce ta zagi da ba'a tun muna yara, kuma ya san abin da za a ce a kan iyalinsa idan aka ji yana kai ni wurin likitan ƙwaƙwalwa. Duk da haka bai taɓa barin wani ya kai ni ba, shi yake zama a benci tare da ni, shi yake riƙe katin. Surukata Hajiya ta baro ɗakinta ta tare a gidanmu wata biyu cur, ta karɓi girki da shirin makarantar yara, kuma duk wadda ta shigo da niyyar leƙen asiri sai ta tare ta a tsakar gida da fara'a ta ce ina barci. Na gode wa limamin masallacin unguwarmu, wanda da aka kai masa maganar ruƙiyya ya ce a ci gaba da addu'a da karatun Alƙur'ani, amma a je asibiti, ya kuma kawo hadisin da ke cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face Ya saukar da maganinta. Maganarsa ce ta sa wasu dattawan gidanmu suka sassauta.

Na gode wa likitana, wanda bai taɓa kallon agogo ba ina magana, duk da layin da ke jiransa a waje. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutane sama da miliyan 200, saboda haka na san darajar kowane minti da ya ba ni. Shi ya gaya mini sunan abin da ke damuna, ciwon damuwa haɗe da firgicin abin da ido ya gani, ya gargaɗe ni cewa maganin yana ɗaukar makonni kafin a ji aikinsa, kada in yanke ƙauna in watsar, kada kuma in daina rana ɗaya don na ji sauƙi. Shi ne kuma ya nuna mini cewa dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da tsohon Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta hana a wulaƙanta mutum ko a nuna masa bambanci saboda irin wannan larura. Abin mamaki, a watan da aka sanar da mashaƙo aka sa mata hannu, ni kuwa ina ma'aikaciyar lafiya ban taɓa karanta ta ba.

Akwai Baba direba, wanda ya girmi kowa a tawagarmu. Bayan cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 mai ya zama abin lissafi, kowace fita sai an auna ta, amma sau da yawa idan muka fito daga gidan rasuwa sai ya tsaya a gindin darbejiya ya ce inji ya yi zafi, ya buɗe gaban mota ya tsaya yana dube-dube kamar minti goma, ni kuma ina zaune a baya ina mayar da numfashi. Sai da na kwanta ciwo wani abokin aikinmu ya gaya mini cewa motar nan ba ta taɓa yin zafi ba. Allah Ya saka maka da alheri, Baba, Ya kai ka Makka da Madina. Haka kuma ina gode wa ma'aikatan jinya na cibiyoyin mashaƙo, da likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, da suka yi aiki tare da su, da masu unguwanni da suka riƙa shige mana gaba zuwa gidajen da aka rufe mana ƙofa, da abokiyar aikina da ta haɗa nawa da nata ta ɗauka ba tare da ta taɓa yi mini gori ba.

Ba zan ɓoye ba, a cikin waɗanda muka yi aikin nan tare ba ni kaɗai ba ce. Na san wanda har yau sai ya sayi maganin barci a kemis yake runtsawa, na san wadda ta nemi a sauya mata wurin aiki ta ce saboda nisa ne, na san wanda ya zama mai faɗa a gidansa alhali da ba haka yake ba. A duk tarukan da aka yi ana ƙirga takunkumi da safar hannu da kwalaben allura da akwatunan sanyi, ban tuna ranar da aka tambaye mu ko muna barci ba. Maganar alawus ɗin da aka yi alkawari kuwa na bar ta, ba yau ce ranarta ba. Roƙona ga masu iko shi ne, duk lokacin da za a sake tura ma'aikata irin wannan fage, a tanadi wanda za su zauna da shi su yi magana, a kuma ba su hutu na gaskiya kafin jiki ya karɓa da ƙarfi.

'Yan'uwa da suka hana 'ya'yansu zuwa gidana lokacin da cutar take ganiyarta, wallahi ban ga laifinku ba, da ni ce ma wataƙila haka zan yi. Abin da ya ɗan tsaya mini shi ne bayan abin ya lafa ƙafar ba ta dawo ba, ko gaisuwa ta waya, kuma maganar da aka yi a kaina a wurin wani biki ta iso ni kafin a gama wanke tukwane. Na yafe, Allah Ya yafe mana baki ɗaya, ƙofar gidana kuma tana nan inda kuka san ta.

Ya Allah Ka jiƙan yaran da mashaƙo ya ɗauke, waɗanda na rubuta sunayensu da waɗanda ba su iso takardar kowa ba. Ka ba iyayensu haƙuri mai kyau, Ka musanya musu da mafi alheri. Ka yaye wa duk ma'aikacin lafiya da ke kwana ido biyu, Ka haɗa shi da wanda zai lura da halinsa kamar yadda Ka haɗa ni. Ka saka wa duk wanda ya kawo mini kwanon abinci, da wanda ya kai yarana makaranta, da wanda ya yi mini addu'a a ɓoye ban sani ba. Ka kare Kano da Najeriya daga annoba, wadda muka sani da wadda ba mu sani ba. Amin summa amin.

Ranar Litinin zan koma aiki in sha Allahu, rabin yini tukuna kamar yadda likita ya rubuta. Baba direba ya aiko cewa zai iso ƙarfe bakwai da rabi.