Wurin kwana ga wanda ya fita neman macizai a arewacin Maraɗi

Duk shekara idan bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗowa daga gabas, nakan ɗaure kayana in nufi arewacin jihar Maraɗi domin neman macizai, in gan su a inda suke rayuwa, in ɗauki hotonsu, sannan in bar su su kama gabansu. Ina koyar da ilimin halittu ne a wata makarantar sakandare a nan cikin gari, kuma na gaji da nuna wa yara macijin da ya shekara goma a cikin kwalba har launinsa ya koɗe. Abokaina sun gaji da yi mini faɗa sun koma tsokana, wasu ma gardi suke kirana, alhali ban taɓa kama maciji da hannu ba, ba ni kuma da niyyar yi. Masu ganin hotunan sukan tambaye ni irin na'urar da nake ɗauka da ita, amma a iya abin da na gani, masauki shi ne ke sa tafiya ta yi kyau ko ta lalace.

Daga Maraɗi ana bi ta Tsibiri da Kornaka a isa Dakwaro, tafiyar da ta kai kimanin kilomita 120. Da an ƙetare kwarin Tarka sai gonaki su fara raguwa, ƙasar makiyaya ta buɗe, ga tuddan rairayi, ga karangiya, ga aduwa da kandili da anza jefi-jefi. A can ne gandun dajin Gadabeji yake, wanda aka keɓe tun 1955, mai faɗin kimanin kadada 76,000, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin wuraren da take kulawa da su a 2017, aka kuma kawo masa raƙuman dawa daga yankin Kure da ke kusa da Yamai a 2018. Yawancin baƙi raƙuman dawan suke zuwa kallo da rana, ni kuwa abin da nake nema ba ya fitowa sai rana ta faɗi.

A tafiyata ta farko na sauka a wani gidan baƙi a cikin garin Dakwaro, ga ɗaki mai tsabta, ga ruwan wanka, ga wurin cajin waya, har na ce na dace. Abin da ban lissafa ba shi ne lokacin macijin kansa. Maciji ba ya samar da zafin jikinsa, daga waje yake karɓa, shi ya sa da rana tsaka yake ɓuya a rami ko gindin ciyawa, ya fito bayan magariba, lokacin da rairayi ya huce amma bai yi sanyi ba. Wanda ya kwana a gari kuwa dole ya baro daji tun da sauran haske, domin direban da na ɗauka ya ce ba zai bi hanyar rairayi cikin dare ba, kuma na san gaskiyarsa ce. Da safe ma haka abin yake, domin sawun da maciji ya bari a kan rairayi ba ya wuce hantsi; iska da garken shanun da ke gangarowa rijiya sun shafe shi kafin in iso. Kwana huɗu na yi, abin da na gani shi ne mushen wata kasa da mota ta take.

Shekarar da ta biyo sai na ce bari in matsa kusa, na nemi masauki a wani ƙauye da ke bakin dajin, wani dattijo ya ba ni ɗaki a bayan gidansa. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, sai da ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Malam, abin da mutane ke gudu shi ne kai ka biyo da kuɗin motarka?" Na ce, "Baba, kallo kawai zan yi." Ɗakin yana jingine da rumbun hatsi, ga akurkin kaji a gefe, ga tarin itacen girki a bakin ƙofa. Inda hatsi yake akwai kusu, inda kusu yake kuwa maciji ba ya nisa, abin da nake koya wa yara ke nan a aji, amma farin cikin samun ɗaki ya mantar da ni. A dare na biyu na fito zan kewaya, sai na ji wata ƙara kamar an ɗiga ruwa a tafasasshen mai. Kububuwa ce take goga ɓawon jikinta da juna, wanda shi ne gargaɗinta, tana naɗe a gindin itacen nan, bai fi taku biyu daga ƙafata ba, ni kuwa silifa ce a ƙafar. Kafin in ce wani abu ɗan mai gidan ya sauke mata sanda. Ban ga laifinsa ba, domin akwai ƙananan yara a gidan, amma na kwana da takaici, tunda na zo ganin maciji a daji na ƙare da ganin gawarsa a tsakar gida.

Tun daga nan na canza tsari. Yanzu nakan fara da jami'an kula da gandun daji in nemi izini, sannan in kai gaisuwa wurin maigari ko arɗon da ke kusa, da ɗan sukari da ganyen shayi, in roƙi a nuna mini fili fetal, nesa da rumbu, nesa da rijiya, nesa da suri da ramukan gafiya, amma inda idan na ɗaga murya mutanen mashekari za su ji. A nan nake kafa tanti mai zif, in share kewayensa tas yadda ko ƙadangare ya ratsa zan ga sawunsa da safe. Ba na kwana a tabarma ko da zafi ya kai inda ya kai. Gado mai naɗewa nake ɗauka, in cusa gefen sange a ƙarƙashin katifa, in rataye takalma, in ajiye tocila a inda hannuna zai kai cikin duhu. Daga irin wannan wuri tafiyar minti ashirin da ƙafa ta isa in shiga inda nake so bayan sallar isha'i, in dawo kafin tsakar dare, in sake fita da asuba in bi sawu.

Tambayar da ta fi kowace nauyi kuwa nakan yi ta ne tun kafin in bar Maraɗi: daga wurin da zan kwana, awa nawa ne zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji? Ba kowace ƙaramar likita ta karkara ke ajiye ta ba, na taɓa tsayawa a wata na tambaya aka ce mini sai dai a tura mutum gaba. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, mutum ya ga kamar ya samu sauƙi, can kuma jini ya fara fita ta dasashi ko cikin fitsari, kuma ba banza ba Bahaushe ya yi mata laƙabi da gobe da nisa. Ɗaure gaɓa da igiya, da tsaga wurin da reza, da tsotsewa, da baƙin dutse, duk ba sa cire dafi, wasunsu ma ƙara ɓarna suke yi. Abin da ke ceto shi ne a hana wurin motsi a garzaya asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2017, mu kuwa da ke kusa da manoma da makiyaya mun daɗe da sanin haka. Saboda wannan ne ba na yarda direba ya ajiye ni ya tafi. Mota kat-kat, irin mai iya shiga rairayi, tana kwana tare da ni, da mai a cikinta, hancinta yana kallon hanya, kuma tun da rana nakan gano tudun da waya ke kama rezo. Duk kyan wuri, idan ruwan sama ɗaya zai iya yanke hanyarsa, ba na sauka a cikinsa.

Akwai wani abu da na koya game da masu masauki wanda ba na wasa da shi. Makiyaya sun fi ni sanin inda kasa ke kwanciya da inda kumurci ke shan iska, kuma ina biyan wanda ya raka ni ladan rakiyarsa, amma ba na ba kowa ko dala don ya kawo mini maciji. Ranar da yaran mashekari suka ji cewa baƙon Maraɗi yana sayen maciji, washegari za su bazu cikin daji suna tura hannu a ramuka, alhakin abin da ya biyo baya kuma yana wuyana.

Gadabeji dai bakin hamada ne. Mai son ganin macijin nan mai ƙaho biyu a saman ido, wanda ke nutsewa cikin rairayi ya bar idanu kawai a waje, yana kuma tafiya a karkace, sai ya ƙara gaba zuwa Abzin ko Tarmit. A can zaɓin wurin kwana ya fi ƙarfin baƙo, yana hannun ja-gora da abin da hukuma ta yarda da shi ta fuskar tsaro, ga kunama da ta fi maciji shiga takalmi, ga sanyin hunturu da ke korar macizan cikin ramuka har mutum ya yi mako bai ga ko ɗaya ba. Ban kai can ba tukuna. Bana ma Gadabejin zan koma, na riga na aika wa arɗon da saƙo ta bakin wani mai kai dabbobi kasuwar Dakwaro, ya ce filin bara yana nan, sai dai in matsa gabas kaɗan domin gara ta gina suri a gefensa.