Ni da ban taɓa kurɓar giya ba, ga ni a gonar inabi a Shabli

A 2019 na sauka garin Oser na ƙasar Faransa daga Pari da jaka guda, wani ɗan garinmu na Maradi ya ce min ana neman masu tsinkar inabi a Shabli, kilomita kamar 20 daga nan. Ni dai na ji "gona" na ce to ai noma gadonmu ne. Sai da na je na ga ashe duk inabin nan da ke kan tudu farar giya ake yi da shi, irin inabi ɗaya tak, Shardone, kuma a kwalba Chablis ake rubutawa, tsadarta sai wanda ya gani.

Gidan da suka ɗauke ni gonar tun kakan kakansu take, tsohon ne ke yanke magana, ɗansa na kan tarakta, 'yar kuma ita ke da lissafi da masu saye. Satin farko kam na ji jiki wallahi, almakashi a hannu, bokiti a gaba, kana tsugune tun safe har bayanka ya daina jin naka ne, ga yatsu duk yanka. Inna ta kira ta ce wane aiki kake, na ce gonar inabi Inna, ta ce Allah ya yi albarka, ban ƙara komai a kai ba. Maganar halasci ta daɗe tana cina, har yau ban ce na gama da ita ba, abin da na tsayar kawai shi ne aikina a gona yake, ban shiga harkar kwalba.

Ranar da aka gama tsinka suka yi babban cin abinci, aka zuba wa kowa, na ce ni ban sha. Na zata za a yi min wani kallo. Tsohon ya tashi ya tafi wajen matsewa ya ɗebo min ruwan inabin da aka matse ranar, bai fara tsami ba, zaƙi kamar rake, ya ce kai ma ka ɗanɗana wahalarka.

Shi ne ya taɓa tsinto wani farin dutse a gindin kurangar ya sa min a tafin hannu, cike da 'yan ƙananan ƙwaryar kawa, wata halittar teku, wai nan duk teku ne tun zamanin da ba mutum, kuma wai wannan ƙasar ce ke ba giyarsu ɗanɗanonta. Can gefen kogin Seren akwai tudu guda mai gonaki 7 da suke kira Grand Cru, wato mafiya daraja a wajensu, in suna maganarsa har murya suke sassautawa. Dutsen na nan a ɗakina.

Amma daren da na zama nasu shi ne farkon Afrilun 2021. An yi ɗumi a Maris, kurangar ta yi toho da wuri, sai ga sanyi ya dawo ƙasa da sifiri dare bayan dare. Ƙarfe 2 na dare aka buga min waya, muka fita da manyan kyandir na gwangwani muna jerawa layi layi muna kunnawa don tohon ya samu ɗumi, wasu maƙwabta kuma ruwa suke fesawa ya daskare a kan tohon ya kare shi, tudun gaba ɗaya wuta kamar an kunna gari. Hannuna ya ƙage ko ashana ban iya riƙewa. Da gari ya waye tsohon ya bi layi yana murza toho, ya yi baƙi, yana marmashewa a yatsunsa, bai ce uffan ba. Irin fuskar nan na sani, ita babana ke yi in ruwa ya ɗauke bayan gero ya fara bununi.

Na je na tsaya kusa da shi, ban san me zan ce da Faransanci ba sai na ce masa sannu da Hausa. Ya dafa kafaɗata ya ce mu je mu sha kofi, da dare akwai sauran kyandir.