Asabar ɗin aya-aya da maganar Yaya

An kwana ana ruwa, irin na Agusta mai sauka a hankali, ba iska ba tsawa, sai wajen kiran sallar farko ya ɗauke. Da na dawo daga masallaci na taka gefen ciyawar, na ji ƙasa ta yi laushi har ƙafa tana ɗan nutsewa, na san yau ranar tone aya-aya ce, hakin nan da ke kutsowa cikin ciyawar gidana. In ƙasa ta bushe ka ja ta, ganyen kawai zai biyo hannunka, 'ya'yan su yi zamansu a ƙasa, kafin sati ya zagayo ta sake leƙowa, har ta fi ciyawar tawa, kiri-kiri, saurin tsayi. 'Ya'yan nan a sarƙe suke, wata siririyar jijiya ce ke haɗa wannan da wancan, don haka sai an sa tsohuwar wuƙa an bi su a hankali an tono su gaba ɗaya. Aiki ne na tsugunno, ba ya son gaggawa, kuma ina son shi.

Koko da ƙosai. Auta ya tafi Islamiyya da kuka saboda takalmi. An kawo wuta, kowa ya ruga caji.

Na ɗora 'yar sifikata a kan taga na sa Narambaɗa. Ɗaukar ta tsufa, akwai shuuu ɗin nan a bayan muryar, amma kotson yana fita tas. Na lura da safe kunnena ya fi son kiɗan fada. Kalangun Shata na yamma ne a wurina, lokacin da jiki ke son a tashe shi. Shi yana zuba magana, 'yan amshi suna riƙe masa gindin waƙar suna maimaitawa, kai kuma kana bin bakinsa kada wata ta wuce ka. Kotso daban yake. Da yatsu ake kaɗa shi, ba da makaɗi ba, sautin yana da taushi da nauyi, kuma 'yan amshin ba maimaici kawai suke yi ba. Jagora zai ɗauko magana ya kai ta rabi ya sake ta, su cafe su ƙarasa, wani lokacin su yi ƙari, sannan duk a gangaro kan gindi tare. In ba ka natsu ba ba za ka gane inda muryarsa ta tsaya tasu ta soma ba. Hannuna a cikin laka, kunnena yana can Isa a fadar Sarkin Gobir, ni dai ban san wata safiya da ta fi wannan daɗi ba. Har na cika rabin bokiti da 'ya'yan aya-aya, ina ta murna ni kaɗai.

Wajen ƙarfe goma na ji sallamar Yaya. Daga Sabon Gari yake, ya biyo ya kawo wa Maman Ummi saƙon Hajiya. Na miƙe na wanke hannu, muka gaisa, Ummi ta shimfiɗa masa tabarma a baranda, uwarta ta zo ta durƙusa ta gaishe shi ta kawo ruwa. Na rage sautin amma ban kashe ba. Muka taɓa zancen gida, zancen farashin masara, zancen ƙafar Hajiya. Duk muna magana idonsa yana kan ciyawar. Can ya ce, "Malam, wai har yanzu kana nan kana kiwon wannan abin?"

Na ce, "Ina nan, Yaya. Ka ga yadda ta yi kyau bana."

Ya ce kyau kam ta yi. Sai ya tashi ya auna wurin da ƙafa, daga bakin baranda zuwa katanga, ya dawo ya zauna. Ya ce katangar nan a kan titi take, in aka fasa ta shago biyu za su fita har da ɗan sarari, kuma a unguwar nan ba a rasa mai kama haya. Ya ce ritaya tana tafe, yara suna tasowa, Ummi za ta shiga jami'a. Ya kawo zancen sauro, ya kawo zancen maciji, ya kawo kuɗin 'yan garuwa da rani. Ya ce, "Mutane suna biya a cire musu ciyawa daga gida, kai kana zuba mata taki. Ko akuya ba ka da ita da za ta ci. Me take haifa maka?"

Waɗannan duk ina da amsarsu, kuma na ba shi cikin ladabi. Na ce maciji duhuwa yake nema, ciyawar da ake aske ta duk sati ko ƙadangare ba ta ɓoyewa. Sauro a ruwan da ya kwanta yake ƙyanƙyasa, a kwata da tsofaffin tayoyi da gwangwanaye, nan kuwa ruwan daren jiya duk ƙasa ta shanye, ga gidan maƙwabta da aka shafe da siminti har yanzu ana korar ruwa da tsintsiya. Ruwa kuma, ban taɓa sayen jarka don ciyawa ba. Kiri-kiri ce, irin ta filin ƙwallo, in hunturu ya shigo sai ta bushe ta yi ja kamar ta mutu, saiwar tana nan da rai, ruwan alwala da na ɗauraya ya ishe ta ta kai bazara, ruwan farko yana sauka ta farfaɗo. Na tuna masa zafin watan Maris da Afrilu, yadda siminti ke shan rana wuni guda ya dawo da ita da dare har a kasa barci a tsakar gida, alhali a nan muke shimfiɗa tabarma mu sha iska. Ya saurara, yana gyaɗa kai. Yaya ba mai gardamar banza ba ne.

Sai waƙar ta ƙare, wata ta Ɗanƙwairo ta shigo. Ya juya ya dubi sifikar, ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Kai dai ka ɗauko Baba sak. Shi ma haka ya yi ta yi. A yayyafa wa tsakar gida ruwa, a share, a zauna da rediyo a kunne. Har Allah Ya karɓi abinsa ko kangon fili bai bar mana ba."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Ya shanye ruwansa, ya yi wa yara alheri, na raka shi bakin ƙofa, ya ce in yi tunani a kan shagon, yana da magini mai sauƙi. Na ce to, Yaya, Allah Ya ƙara girma.

Na dawo na tsugunna, amma aikin ya fita raina. Na kashe kiɗan.

Tun ɗazu maganar take cina, kuma abin da ya sa take cina shi ne Yaya ne ya faɗe ta. Da wani ne da na watsar. Baba ya rasu a 1991, shekarar da Ɗanƙwairo ya rasu, ni ina sakandare, Yaya ya fara karatun gaba. Shi ya ajiye littafi ya shiga kasuwa. Shi ya biya mini kuɗin jarrabawa, shi ya aurar da 'yan matan gidanmu, shi ya yi ta fama da masu gidan haya har muka samu inda Hajiya take zaune yanzu. Mutumin da ya ɗauki wannan kayan yana da ikon ya dubi fili ya ga shago. Ya san ranar da babu, ya san ta fiye da ni, don shi ya tsaya tsakanina da ita. In ya auna ciyawata da ƙafa, tsoro yake ji kada yarana su tsinci kansu inda muka tsinci kanmu, kuma ya san in hakan ta faru kansa za ta sake komowa.

Amma ban yarda Baba bai bar mana komai ba, kuma zuciyata ta yi nauyi da na ji an faɗi haka a gaban Ummi, wadda ba ta san shi ba sai a hoto. Ma'aikacin reluwe ne mai ƙaramin albashi da 'ya'ya da yawa, da dangi daga ƙauye da ba sa yankewa. Da me zai sayi filin? Ba rediyo ce ta cinye kuɗin ba, batir nawa ne. Shekarun da ya yi a layin da ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tuƙe a Ƙauran Namoda, a can kunnensa ya buɗe da kotso, a ƙasar makaɗan su kansu, ya dawo Zariya da shi. In ya taso aiki ya yi wanka, sai ya sa a yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, a share, ya fito da kujerarsa ya kamo Kaduna. In aka sako kiɗan fada ba mai motsi. Yakan ɗaga yatsa ya ce mu saurara, ga zambo nan tafe, ga habaici, wannan da wani ɗan sarki ake da ya nemi sarauta bai samu ba. Yakan warware mana Gobiranci da Zamfarcin da ya fi ƙarfinmu. A nan na fara sanin ana iya ɗaura magana a kwance ta, a nan na fara son harshen da yau da shi nake ci da iyalina. Ban taɓa jin Baba ya ɗaga wa Hajiya murya ba, kuma ina da yaƙinin wannan zaman na yamma yana cikin abin da ya sa. Mutum ne da duniya ta matse, ya samo wa kansa awa guda da ba ya bin kowa ba a bin sa.

Yaya yana wurin a duk zaman nan. A gefen kujerar yake zama, ya ma fi ni kusa. Shi ya sa nake ta tambayar kaina ko ya manta ne, ko kuwa wahalar da ta biyo baya ce ta shafe masa daɗin, har in ya ji kotso ba yammacin yake tunawa ba, ranar da aka zo karɓar kuɗin haya yake tunawa. In haka ne, to, an yi masa babbar asara, kuma saboda mu aka yi masa ita. Wannan tunanin ya fi maganar tasa ciwo.

Akwai wani abu da ya daɗe yana damuna da mu, ba Yaya kaɗai ba. Duk abin da mutum zai yi a gidansa sai an tambaye shi ribarsa. In ka kiwata tantabaru a ce nawa ake sayar da biyu. In ka dasa fure a ce da zogale ka sa. In an gan ka zaune kana sauraro a ce ba ka da aikin yi. Alhali iyayenmu da suka fi mu talauci sun yi wa bangon ɗaki zane, sun jera kwanuka, sun yi wa doki kwalliyar da ba ta ƙara masa gudu, sun zauna dandali an yi dara har magariba. Ba wanda ya ce musu sun yi ɓarna. Yanzu duk gidan da ka shiga siminti ne daga ƙofa har bayi, an sare bishiya don ganye yana ɓata wuri, an fasa zaure an yi shago, sannan a fito titi ana neman inuwa. Na san matsi ne ya kawo haka, ina cikinsa, ina sayen masarar da kowa ke saye. Duk da haka ba na son gidana ya zama wurin da ba abin da ke tsiro.

Azahar. Tuwon jiya da miyar kuka, ban ci da yawa ba.

Maman Ummi ta ga yanayina ba ta ce komai ba sai bayan la'asar. Ta ce ita dai kada a taɓa mata wurin shan iska, amma maganar Yaya ba ta faɗi ƙasa ba, a duba ɓangaren garejin da ba mota a ciki, shago ɗaya zai fita ba a kusanci ciyawar ba. Ta ƙara da cewa gefen da ke ƙarƙashin darbejiya, inda kiri-kirin ta ƙi kamawa saboda inuwa, in bar mata shi ta gwada na'ana'a. Na ce ta ɗauka. Zancen garejin zan auna in gani, akwai hankali a ciki.

Ummi ce ta ba ni mamaki. Tana kwashe tabarma ta ce, "Abba, wai da gaske Kaka yana jin duk abin da suke faɗa?" Na ce yana ji, har wanda ba su faɗa ba. Ta ce wata rana in fassara mata ɗaya daga farko har ƙarshe. Na ce sai dai mu saurara tare, in ta gaji mu tsaya. Ta ce to. Ban matsa ba.

Gara ta fara gini a gindin katanga, wajen da na tara busasshiyar ciyawar da na aske. A kwashe gobe. Almakashin yana son wasawa. Takin shanun da aka kawo ɗanye ne, sai ya ruɓe tukuna, in ba haka ba ya ƙona ta ya kuma zo mini da sabon haki.

Gobe akwai ɗaurin aure a Tudun Wada ƙarfe sha ɗaya, a can za mu haɗu da Yaya. Zan gaya masa maganar garejin, ina jin zai ji daɗi. Zancen Baba kuwa ba na wurin taro ba ne. Zan bi shi gida wani daren, in mun ci abinci yara sun watse, in tambaye shi abin da yake tunawa.