Bin sawun kuɗin asibitin mazaɓa

Duk wanda ya daɗe yana bibiyar kuɗin ƙananan asibitoci a Najeriya ya san adadin da ake faɗa a rediyo ranar gabatar da kasafi ba shi ke sayen magani ba. Bayan kasafi sai an saki kuɗin, sai sun shiga asusun asibiti, sannan a kashe su, kuma kowane mataki da takardarsa. Wanda bai rarrabe matakan nan ba zai yi ta zargin malamin asibiti kan kuɗin da ko Abuja ba su baro ba.

Asusun da ake kira BHCPF, wato asusun gwamnatin tarayya na kula da lafiya a matakin farko wanda ake tura wa waɗannan asibitoci kuɗi daga cikinsa, ya samo asali daga Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda ta ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na dunƙulallen kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Sai a 2018 ya fara shiga kasafi, kimanin naira biliyan 55. Dokar ta ba inshorar lafiya rabi, kashi 20 na magani da rigakafi, 15 na gyaran gini da kayan aiki da sufuri, 10 na ma'aikata, 5 na agajin gaggawa. Jin biliyoyi kan sa mutanen gari su ɗauka an jibge wa asibitinsu dukiya, alhali a shekarun farko abin da ke faɗawa asusun asibiti guda bai wuce kusan naira dubu 300 duk wata uku ba. Wannan kuɗin gyaran famfo ne da man janareta da safar hannu. Ba zai gina ɗakin haihuwa ba, kuma tuhumar shugaban asibiti kan haka ɓata lokaci ne.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne wajen sa hannu. Mutum biyu ke fitar da kuɗin, shugaban asibiti da shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa (kwamitin da ke wakiltar mutanen gari), bisa tsarin kashewa da aka rubuta tun farkon zangon wata uku. An yi haka ne don ɗaya ya sa wa ɗaya ido. To amma idan kwamitin naɗin alfarma ne, ba ya zama, ba shi da littafin taro, sai ka tarar an sa hannu a cek tun ba a rubuta adadi ba. Wani lokacin ma babu sata ko kaɗan: an kashe kuɗin a kan hanya, amma ba a haɗa rasidai an miƙa wa hukumar lafiya a matakin farko ta jiha ba, sai kason gaba ya maƙale wata da watanni. Jama'a su ce an cinye, nan kuwa takarda ce ke kwance a durowa.

Binciken ɗakin magani ba ya buƙatar akanta. A ɗauki magani guda, misali na zazzaɓin cizon sauro, a duba rasidin saye, da katin da ake rubuta shigarsa da fitarsa, da rajistar marasa lafiya, sannan a ƙirga abin da ke kan kanta. Abin da ya shigo, a cire wanda aka bayar, dole ya yi daidai da saura. A duba ranar lalacewa ma, domin magani mai arha fiye da kima sau da yawa kwanansa ya kusa ƙarewa.

Ɓangaren inshora ya fi ɓoye ɓarna. Ana biyan asibiti gwargwadon yawan marasa galihu da aka yi wa rajista, ko sun zo ko ba su zo ba. Idan ba a sanar da tsohuwa cewa sunanta na ciki ba, za ta zo ta biya daga ƙullin zanenta, kuɗinta na gwamnati kuma an riga an karɓa. A nemi jerin sunayen, a bi gida goma a tambaya ko sun san da zancen.

Idan ofis ya hana takarda, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Wasiƙar da ta ce "muna son bayanin kuɗin lafiya" ba ta samun komai. A ambaci sunan asibiti, da zangon, da takardar da ake so, wato bayanin banki ko rasidai, kuma kada a bar ofishin sai an buga hatimi da kwanan wata a kwafin da za a riƙe.