Asabar, ranar da na ƙona tiranzisto biyu

Yau dai Alhamdulillah moto ya juya gaba ya juya baya, amma sai da na yi asarar tiranzisto biyu da fatar ɗan yatsana tukuna.

Tun jiya na je Sabon Gari na sayo kayan, tiranzisto (ɗan makunnin da wuta ke kunnawa) S8550 nau'in PNP guda huɗu, S8050 nau'in NPN guda huɗu, dayod 1N4007 mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, da tarkacen razisto masu rage wuta a leda. Moton kuwa daga wata tsohuwar motar wasan ƙanina na ciro shi, wadda rimot ɗinta ya ɓace tun bara. Batir kuma 18650 guda biyu na tsohuwar laftof, na jera su ɗaya bayan ɗaya mita ta nuna min bolt 8.1.

Abin da nake son haɗawa shi ne gadar H, wato haɗin da ke sa moto ya juya gaba ko baya. A takarda wasan yara ne wallahi: makunni huɗu, biyu a sama wajen fulos, biyu a ƙasa wajen mainos, moto a tsakiya kamar sandar nan ta tsakiyar harafin H. Ka kunna na sama hagu da na ƙasa dama wuta ta bi ta cikin moton daga hagu zuwa dama ya juya gaba, ka kashe su ka kunna na sama dama da na ƙasa hagu ya juya baya. Shi ne abin da ke sa tiren DVD ya fito ya koma. Haramun guda ɗaya ne a harkar, kada na sama da na ƙasa na ɓangare ɗaya su kunnu lokaci guda, don wuta ba za ta kula moton ba, kai tsaye za ta zuba daga fulos zuwa mainos.

To ni na san wannan dokar, na haddace ta ma, kuma ita na karya ba tare da na sani ba.

Bayan azahar na zauna a tsakar gida na jera komai a biredbod, allon gwajin nan mai ramuka, tiranzistoci su ne makunnan, PNP biyu a sama NPN biyu a ƙasa, kowanne da razisto 1k, wato om dubu ɗaya, a bes ɗinsa (tiranzisto ƙafa uku gare shi: bes mai kunna shi, sai emita da kolekta da wutar ke bi), na haɗa bes na ɓangaren hagu zuwa fin 9, wato ƙafa mai lamba 9, na Arduino (ɗan allon kwamfutar da zai riƙa ba da umarni), na dama zuwa fin 10. Lissafina shi ne idan fin ya ba da bolt 5 NPN zai kunnu PNP ya mutu, idan ya koma sifili su yi musanya, kaga kenan ba yadda za a yi su haɗu. Har ina jin daɗin kaina. Ina sa batir moton ya ɗan yi motsi kamar mai ciwon baya, sai wani wari, na kai yatsa kan S8550 na hagu don in ji ko ya yi ɗumi, ai ban san lokacin da na yi ƙara ba. Siririn hayaƙi ya tashi. Umma daga kicin ta ce kai me kake ƙonawa, na ce ba komai Umma, ta ce ba komai ne yake warin roba? Na canza wani na sake gwadawa don taurin kai, wai ko na farkon jabu ne. Shi ma ya bi ɗan'uwansa.

Da la'asar na kwashi allon gaba ɗaya na kai wa Malam mai gyaran rediyo na bakin layinmu. Dattijo ne, bai taɓa taɓa Arduino ba kuma bai damu ya taɓa ba, amma tiranzisto ya san shi kamar yunwar cikinsa. Ya kalli zanen da na yi ya ce batirinka nawa ne, na ce takwas da ɗigo ɗaya, ya ce shi wannan ɗan allon naka nawa yake bayarwa, na ce biyar. Sai ya miƙo min mita ya ce auna tsakanin ƙafar razistan da emita ka gaya min. Kafin ma in auna na gane, kunya ta kama ni.

PNP ba ruwansa da cewa ka ba shi biyar. Shi abin da yake dubawa bambancin da ke tsakanin emita da bes, in bes ya yi ƙasa da emita da kamar bolt 0.7 to ya kunnu. Emita ɗina na zaune a 8.1, ni kuma ina ba shi 5 ina cewa na kashe shi, alhali saura bolt 3.1 a tsakani, wato bai taɓa mutuwa ba ko sau ɗaya. Cire 0.7, ka raba 2.4 da 1k, miliyam 2.4 ke bi ta bes, shi kuma irin wannan ɗan tiranziston yana iya ninka abin da ka ba shi sau ɗari biyu, ka ga miliyam 480, kusan rabin am, yana ratsa ɗan abin da bai kai ƙwayar wake ba, ga kusan dukkan bolt ɗin batir a kansa. Ina zai kai wannan zafin? Malam ya ce yaro ba kayan ne jabu ba, ya ci gaba da kwance rediyonsa.

Maganin ashe ƙaramin NPN ne za ka ƙara wa kowane PNP ya zama ɗan aike. Razisto 10k daga bes ɗin PNP zuwa fulos na batir yana riƙe shi a mace, Arduino ya kunna ɗan aiken, ɗan aiken ya ja bes ɗin ƙasa ta razisto 1k. Malam ya ba ni ƙananan NPN BC547 biyu daga cikin gwangwaninsa ya ƙi karɓar kuɗi. Na dawo gida na sake jeri, fin 9 yanzu yana kunna sama hagu da ƙasa dama, fin 10 ɗaya layin. Na ɓata kusan rabin awa babu abin da ya motsa, ashe ƙafafun BC547 a juye suke da na S8050, shi BC547 kolekta ne farko idan ka fuskanci shafaffen gefen, wancan kuma emita. Na juya su. Dayod huɗun ma na sa su wannan karon, da farko na yi ganganci na bar su a leda, alhali duk lokacin da ka yanke wa moto wuta kwayil ɗinsa yana harbo wata wutar baya da za ta iya huda tiranzisto. A kod kuma, wato umarnin da na rubuta wa Arduino, na sa ya kashe fin biyun duka ya jira ɗan lokaci kafin ya canza hanya, don yanzu in suka tashi tare an koma gidan jiya.

Wajen ƙarfe tara ya juya. Daƙiƙa biyu gaba, ya tsaya, daƙiƙa biyu baya. Na manna masa guntun salatif a kai don in riƙa ganin juyin, na zauna ina kallo kamar wanda bai taɓa ganin fanka ba. Na taɓa tiranzistocin da ɗaya hannun, a hankali, ɗumi kaɗan kawai.

Abokina ya turo min saƙo wai me ya sa ban sayi L293D na huta ba, ƙwaya ɗaya gada biyu a ciki har da dayod, miliyam 600 kowane layi. Gaskiyarsa, kuma zan saya, amma da shi na fara da har yanzu ina nan ina tunanin biyar tana kashe PNP.

Ƙanina ya tsaya a kaina yana tambaya yaya yaushe za a mayar masa da motarsa, na ce sai na koyi rage gudu da PWM, wato kunna wuta da kashe ta da sauri-sauri, gobe in Allah ya kai mu. Ana haka aka ɗauke wuta, na tattara kayan da fitilar waya, yatsan har yanzu yana zugi.