Daren da na je kallon Oilers a Stavanger

Kwana huɗu ke nan da dawowata Kano, amma har yau in na kwanta sai in riƙa jin ƙarar sanduna a kan ƙanƙara, na wasan hokin ƙanƙara da na je kallo, na ƙungiyar Stavanger Oilers. Wurin aiki ne suka tura mu kwas na mako biyu a Stavanger, garin man fetur na ƙasar Norway, can kudu maso yamma a bakin teku. Maganar jirgi ba zan ɓata muku lokaci da ita ba. Abu ɗaya dai ya tsaya mini a rai: jami'in da ya duba fasfona a inda muka yada zango. Sau uku yana tambayata yaushe zan koma gida, yana juya tikitina kamar mai duba jabun kuɗi. Na ce masa ina da mata da 'ya'ya biyar da gona a Bichi, me zan zauna yi a cikin wannan sanyi? Ko murmushi bai yi ba, ya doka hatimi ya turo mini fasfon da ɗan yatsa.

Na sauka ina tsammanin dusar ƙanƙara har gwiwa, sai na tarar da ruwan sama da iska. Ashe garin ba ya cika yin ƙanƙara. Rana kuwa ba ta leƙowa sai bayan tara na safe, kafin ƙarfe huɗu ta yi sallama. Ka idar da azahar, ka ɗan sha shayi, la'asar ta yi, ka juya magariba ta kawo jiki.

Mutanen kuma ba sa gaisuwa. Na shiga bas na ce wa wanda na zauna kusa da shi barka da asuba, ya dube ni kamar na nemi rance. Ga tsada. Ruwan roba ɗaya na saya a ranar farko, da na lissafa shi da naira sai da na yi salati, kuɗin ya isa cefanen miyar yini a gidana. Daga baya aka ce mini ruwan famfonsu ma ya fi na robar. Tun daga nan ban sake ba.

Wanda ya sauya mini ra'ayi a kansu wani dattijo ne cikin malamanmu, wanda ya yi shekaru yana aiki a rijiyoyin mai na tsakiyar teku. Shi ya kai ni gidan tarihin mai da ke bakin ruwa, ya ba ni labarin yadda garin yake na masu cusa kifi a gwangwani kafin a gano mai a Ekofisk a 1969. Na yi shiru, don mu tun 1956 muka samu namu a Oloibiri. A mako na biyu ya ce, “Abokina, gobe da dare za ka ga abin da ya fi mai muhimmanci a garin nan.” Ya sayi tikiti biyu, ya hana ni ko taɓa aljihu, ya kuma zo mini da gyalen wuya mai baƙi da rawaya.

Filin sunansa DNB Arena, rufaffe ne, yana ɗaukar mutum dubu huɗu da 'yan ɗaruruwa. In aka gwada da filin Sani Abacha namu, ɗan zaure ne. Amma a cike yake, har da tsofaffin mata da yara 'yan shekara biyar, kowa da rigar ƙungiya. Mutanen nan da ba sa iya amsa gaisuwa a bas, ga su suna buga ganga suna ihu kamar an ɗaure musu aure da hayaniya.

Wasan kansa sai wanda ya gani. Mutum shida ne kowane ɓangare har da gola, a kan takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, kowa riƙe da sanda mai lanƙwasa kamar kere. Abin da suke bi ba ƙwallo ba ne, wata baƙar roba ce mai tauri, girmanta bai wuce gwangwanin man goge takalmi ba. Minti goma na farko ban ma gan ta ba, sai dai in ga jama'a sun miƙe in miƙe. Ana sauya 'yan wasa wasa na gudana, wasu na tsallako katanga wasu na faɗawa benci. Aka maka wani ƙato da bangon gilashi daidai gabanmu, har kumatunsa ya shafe a jiki, na ce shi ke nan sai asibiti. Alƙali ko busa bai yi ba. Amma da wani ya saƙalo ƙafar abokin karawa da sanda, nan take aka kai shi wani ɗan keji ya zauna minti biyu, 'yan'uwansa suka ci gaba da mutum ɗaya a rage. Da za a kawo mana wannan doka gida, da wasu masu tsaron bayanmu a keji za su ƙare kaka.

Zango uku ake yi, minti 20 kowanne. A hutu wata mota ta shigo tana shafe ƙanƙarar da ruwa, shi kuma dattijo ya sayo mini kofi da wata waina tasu mai zanen saƙar zuma, don ya riga ya gane ba na cin naman sosej ɗin da kowa ke ci, akwai alade a ciki. A nan ya shiga ba ni tarihi, yana ƙirgawa da yatsu.

Ƙungiyar Stavanger Oilers ɗanyar yarinya ce, a 2000 aka kafa ta, Kano Pillars ta girme ta da shekara goma. Tsohuwar ƙungiyar garin, Viking, ta durƙushe saboda bashi. Sai wani ɗan kasuwa mutumin Finland, Hartti Kristola, ya tara 'yan ƙasarsu ya kafa wannan. Baƙi ne suka kafa ta ke nan, kuma daga ƙananan rukunai suka faro, zuwa 2003 sun hau babban rukuni. Da Kristola ya janye, wani ɗan gari, Tore Christiansen, ya karɓa. A 2006 suka kai wasan ƙarshe, Vålerenga ta Oslo mai kofi 26 a tarihi ta koya musu hankali. A 2010 suka rama a kanta, kofin farko ke nan, ƙarƙashin koci Petter Thoresen. Daga nan dattijo ya buɗe hannu ɗaya ya ƙara babban yatsan ɗayan: 2012, 2013, 2014, 2015, 2016, 2017, shida a jere. A cikin shekarun nan suka bar tsohon filinsu Siddishallen suka tare a sabon a 2012, suka kuma je Rouen ta Faransa a 2014 suka ɗauko kofin Continental Cup na ƙungiyoyin Turai. Sun ƙara a 2022 da 2023, tara ke nan.

Ni ma ban bar gida ya kunyata ba. Na ce masa lokacin da suke wannan cin, Masu Gida ma sun ɗauka uku a jere, 2012 zuwa 2014. Ya jinjina kai da gaske, sannan ya tambaye ni wa ke da ƙungiyar. Na ce gwamnatin jiha. Ya ce tasu 'yan kasuwar gari da masu sayen tikitin shekara ne ke riƙe da ita. Mutanen Oslo, in ji shi, suna musu gorin kuɗin mai ne ya sayi kofunan. A ganina akwai ƙamshin gaskiya a gorin, sai dai kuɗi kaɗai ba ya zaunar da koci ɗaya shekara bakwai a kujera. Da na tambaye shi 2024 da 2025, sai ya ce “Storhamar” a taƙaice, wato ƙungiyar da ta ɗauki kofin a shekarun biyu, ya koma kallon motar shafe ƙanƙara.

Oilers ne suka ci a daren. Aka watse ba faɗa ko jifa, kowa ya ɗauki kofin takardarsa ya kai kwandon shara, suka koma shirunsu tun kafin su kai tashar bas.

Washegari ya kai ni gidansa, matarsa ta dafa kifi da dankali, ba yaji ko na magani. Na fito da ɗan yajin ƙuli da na ɓoye a jaka, ya ɗanɗana, ya sha ruwa kofi biyu, ya kuma roƙi ragowar. Dutsen Preikestolen da kowa ke zuwa hoto ban hau ba, sanyi ya hana. Na dai zaga tsohuwar unguwarsu mai fararen gidajen katako, na sayi cakulan na yara, muka kamo hanya.

Gyalen yana wurin autana. Da shi yake tafiya makarantar asuba a hunturun nan, yana gaya wa abokansa wai na Pillars ne na ƙasar waje.