Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar da Muka Hau Hartside

A makon jiya na tsaya ne a daidai inda muka shiga garin Penrith da yamma, ni da abokin tafiyata, bayan mun ci sama da mil 50 daga Whitehaven, garin da muka tsoma tayoyinmu na baya a cikin teku kamar yadda masu bin wannan hanya suka saba yi kafin su tashi. Yau zan ba da labarin rana ta biyu, wadda tafiyarta ba ta kai mil 30 ba, amma ita ce ta fi zauna mini a rai cikin kwanaki ukun da muka yi muna ratsa arewacin Ingila daga gaɓar yamma zuwa ta gabas, a watan Yuni na 2014.

Ga wanda bai karanta kashin baya ba, abokin tafiyar tawa likita ne mutumin Katsina, ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, shi ya sa nake kiransa Yaya. Shi ne ya fara gaya mini cewa wanda ya zauna a Newcastle shekara uku bai taɓa fita karkara ba, to gidajen haya da tashoshin bas kawai ya sani, bai san ƙasar ba. Hanyar da ya zaɓa mana ita ce wadda ake kira C2C, wato daga teku zuwa teku, mai tsawon kimanin mil 140. An buɗe ta a 1994, kuma ƙungiyar Sustrans, wadda aka kafa a Bristol a 1977, ita ce ta tsara ta ta hanyar haɗa ƙananan titunan ƙauye da tsofaffin hanyoyin jirgin ƙasa da aka daina amfani da su. Ana fara ta ne daga yamma saboda iskar ƙasar galibi daga can take busowa, sai ta riƙa tura mahayi daga baya.

Mun bar masauki wajen ƙarfe takwas na safe, ko da yake gari ya daɗe da wayewa, domin a wannan wata asuba tana yi ne tun mutum bai gama barcin farko ba. Muka riƙa bin ƙananan alluna shuɗɗa masu hoton keke da lamba 7 a cikin jan gida, har muka haye kogin Eden a ƙauyen Langwathby. Wannan kwari na Eden ƙasa ce mai albarka: ciyawa shar, shanun madara ƙosassu, gidaje da coci-coci na jan dutse. Titin kuwa siriri ne ƙwarai, shingen itatuwa ya rufe shi hagu da dama, idan motar noma ta taho sai dai mu raɓe mu ba ta hanya. Kusan duk direban da muka yi wa haka sai ya ɗaga mana hannu, kuma na lura cewa gaisuwa, wadda na yi kewarta a birni, tana nan da ranta a ƙauyukansu.

Kusa da Little Salkeld Yaya ya sa muka ratse don mu ga wasu manyan duwatsu waɗanda mutanen zamanin da suka jera a da'ira dubban shekaru da suka wuce, waɗanda ake kira Long Meg da 'ya'yanta mata. Ba shinge, ba mai karɓar kuɗi, shanu na kiwo a tsakaninsu. Ba mu daɗe ba muka wuce.

Kafin mu isa Renwick tayata ta baya ta sace. Na kifa keken a kan sirdi da kai, na zare tif, na ɗan ba shi iska da famfo, sannan na riƙa zagaya shi kusa da kumatuna har na ji inda iskar ke fita. Na shafa ruwa a wurin, kumfa ta tashi, na goge, na kankare, na sa gam na jira ya sha iska kafin na manna faci. Sai na bi cikin tayar da yatsa a hankali, na tarar da wata 'yar ƙusa da ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Yaya yana tsaye yana kallo, ya ce, "Ƙanena, a ina ka koyi wannan aiki haka?" Na ce, "Yaya, a zauren gidanmu, wajen Baba." Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi shekara fiye da ashirin yana zuwa kasuwannin ƙauye a kan baƙin keken Raleigh, mai birkin ƙarfe da kariya mai ɗaukar buhu, kuma duk ranar Juma'a da safe ni ne mai riƙe masa kwanon ruwa idan yana duba tif. Sai da na zo Ingila na san cewa asalin wannan keke daga birnin Nottingham yake. A bakin wannan titi, hannuna duk baƙin man sarƙa, na ji kewarsa irin wadda ban ji ba tun ranar da aka yi sadakar bakwai.

Daga Renwick ake fara hawan tudun Hartside, kimanin mil huɗu ba tare da hutawa ba, har zuwa tsayin mita 580 daga teku. Farkonsa ne ya fi tsauri. Shingen itatuwa ya ƙare, katangun dutse suka karɓa, waɗanda aka gina ba siminti ba laka, dutse kawai aka ɗora kan dutse da gwaninta, kuma suna tafe suna hawa tudu suna sauka iyakar ganin ido. A wasu wurare akan haƙa rami a tsakiyar titi a shimfiɗa ƙarafa a kai da tazara, mota da keke su wuce amma tunkiya ba ta iya takawa, dabarar da ta hutar da makiyayi tsaron ƙofa. Tumakin nasu masu baƙar fuska ne da farin baki, ƙahonninsu a murɗe, kowace da tabon fenti a gadon baya, alamar mai ita. Suna kwance a gefen hanya, ko motsi ba sa yi idan muka wuce.

Na sauko da giya har ta ƙarshe, amma duk da haka cinyoyina suka ɗauki zafi, numfashina ya riƙa fita da ƙara. Yaya yana gabana da 'yar tazara, yana taka feda a natse ba gaggawa. Da ya ji na fara ja da baya sai ya rage gudu har na iso, ya miƙo mini dabino uku daga aljihun rigarsa, ya ce in daina ɗaga kai ina neman ƙarshen tudun, in zaɓi wani dutse ko turke da ke gaba kaɗan, idan na kai shi in zaɓi wani. Haka na yi, ina tasbihi daidai da juyawar feda. Bayan mun haɗu da babban titin A686 hawan ya ɗan sassauta, sai dai iska ta ƙaru, kuma sanyinta ya ratsa rigar da gumi ya jiƙa. Mutanen wannan yanki suna da wata iska mai ƙarfi da ke gangarowa daga dutsen Cross Fell, suna kiranta Helm, kuma ita kaɗai ce iska mai suna a Birtaniya. Allah ya taimake mu ba ita muka tarar ba.

A ƙololuwar akwai ɗakin shan shayi, cike da masu keke da masu babura. Wata dattijuwa da ta hawo kafin mu, gashinta fari fat, ta tambaye mu daga ina muke, da muka ce Najeriya sai ta tafa mana, ta nuna mana tagar da ta fi kyan kallo. Daga nan muka hango kwarin Eden shimfiɗe a ƙasa kamar tabarma, bayansa duwatsun yankin tafkuna da muka ratso jiya, can nesa kuma ruwan Solway da gefen ƙasar Sikotlan. Na sha shayi mai madara kofi biyu da burodi da ƙwai. Wannan ɗaki gobara ta cinye shi a watan Maris na 2018, kuma ranar da na ji labarin raina ya ɓaci matuƙa.

Lokacin azahar ya same mu a can. Muka gangara kaɗan zuwa inda wani ƙaramin rafi ke fitowa daga cikin ciyawa, muka yi alwala da ruwan da sanyinsa ya sa yatsuna suka ƙage, Yaya ya duba alƙibla a wayarsa, muka shimfiɗa rigunan ruwa a gindin katanga, ya ja mu sallar kasaru. Babu abin da ake ji sai iska da kukan 'yan raguna. A birni na saba neman lungu ina sauri kada in tare wa wani hanya, amma a nan na yi sujada a fili, goshina a kan ƙasa mai danshi, ba wanda ya dame mu.

Gangarar da ta biyo baya doguwa ce, har sai da hannuwana suka gaji da matse birki. Muka sauka Garrigill, sannan muka sake fuskantar wani hawa, gajere amma ya fi na safe miƙewa, inda dukanmu muka sauka muka tura a wani sashe. Da la'asar sakaliya muka gangara Nenthead, ɗaya daga cikin ƙauyuka mafiya tsayi a Ingila. Wani kamfanin haƙar dalma na mabiya ɗariƙar Kirista ta Quaker ne ya raya shi, ya gina wa ma'aikata gidaje da makaranta da ɗakin karatu, kuma har yanzu tarin ɓaraguzan ma'adinai na nan a gefen tuddai, ciyawa ba ta gama rufe su ba. Matar da ta sauke mu ta buɗe mana rumfar ajiye kekuna, ta karɓi jiƙaƙƙun kayanmu ta shanya kusa da murhu, kuma da muka gaya mata ba ma cin naman alade sai ta dafa mana kifi da dankali. Rana ba ta faɗi ba sai wajen ƙarfe goma saura, muka yi magariba da isha'i a haɗe, Yaya ya shimfiɗa taswira a kan gado ya nuna mini Black Hill, wuri mafi tsayi a duk hanyar, wanda zai tare mu da sassafe mil kaɗan daga ƙofar masaukin. Daga nan za mu ɗora a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.